Bitamin C: Daga Jirgin Lind Zuwa Kantin Magani

Mai karatu, da zarar hunturu ya kama, hazo ya sauka, babu abin da ake tambayarmu a ɗakin ba da magani kamar bitamin C. Uwa na so ta kare 'ya'yanta daga mura, wani kuma an ce masa tana maganin ciwon daji. Kafin ka fitar da kuɗinka, ya kyautu ka san inda sunan wannan ƙwaya ya samo asali, domin tarihinta ne zai nuna maka iyakar amfaninta.

Labarin ya fara ne a kan teku. A zamanin da Turawa ke shafe watanni a jirgin ruwa, ba su da abinci sai busasshen burodi da naman gishiri, wata cuta da suke kira sikabi ta addabe su. Dasashi ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su zube, tsohon rauni ya sake buɗewa, daga nan sai mutuwa. A tafiyar da George Anson ya yi ta zagaya duniya tsakanin 1740 da 1744, fiye da rabin mutanensa ba su komo gida ba, kuma wannan cuta ce ta kashe akasarinsu.

A 1747, wani likitan sojan ruwan Birtaniya mai suna James Lind ya ɗauki majinyata 12 a jirgin Salisbury, ya raba su bibbiyu, abincinsu ɗaya, maganinsu daban. Wasu ya ba su ruwan khal, wasu ruwan teku, wasu giyar tuffa, biyu kuma lemon zaƙi biyu da lemon tsami ɗaya a kullum. Cikin kwana shida lemon ya ƙare, amma ɗaya daga cikin biyun ya riga ya koma bakin aiki. Lind ya wallafa sakamakon a 1753, sai dai rundunar ba ta wajabta ruwan lemon tsami ba sai a 1795. Riƙe wannan dabara tasa ta kwatanta majinyaci da majinyaci, za mu sake haɗuwa da ita.

Sinadarin kansa ba a gano shi ba sai a 1932, ta hannun Albert Szent-Györgyi ɗan Hungari da Charles King ɗan Amurka. A 1933 Tadeus Reichstein ya haɗa shi a ɗakin gwaji a Suwizalan, abin da ya buɗe ƙofar sarrafa shi a masana'anta da araha. An kuma fahimci aikinsa: jiki na buƙatarsa wajen ƙera kolajin, wato zaren da ke riƙe fata da dasashi da jijiyoyin jini. Jikin ɗan Adam ba ya ƙera shi, dole sai daga abinci.

Gardama ta taso ne a 1970, lokacin da Linus Pauling, wanda ya ci kyautar Nobel har sau biyu, ya fitar da littafi yana cewa shan giram ɗaya ko fiye a kullum na hana mura. A 1976, shi da wani likitan tiyata na Sikotilan, Ewan Cameron, suka ba da rahoton cewa masu ciwon daji 100 da aka ba giram 10 a rana sun fi sauran tsawon kwana. Matsalar ita ce, an kwatanta su ne da tsofaffin fayilolin wasu majinyata. Da asibitin Mayo na Amurka ya maimaita gwajin a 1979 da 1985, ya raba majinyata ta hanyar ƙuri'a, wasu suka sha bitamin, wasu ƙwayar da babu magani a ciki, ba a ga wani bambanci ba. Girman sunan malami bai zama hujja ba. Gani ya kori ji.

Batun mura fa? A 2013 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 29 da suka shafi mutum sama da 11,000. Shan ƙwayar a kullum bai rage yawan kamuwa da mura ba a tsakanin jama'a. Ya dai rage tsawon kwanakinta da kusan kashi 8 cikin 100 ga manya, 14 ga yara, wato 'yan sa'o'i zuwa kwana guda. Waɗanda suka amfana sosai su ne masu tseren dogon zango da sojojin da ke atisaye cikin tsananin sanyi. Wanda kuwa ya fara sha bayan mura ta kama shi, ba a ga tabbataccen amfani ba.

To, me za ka yi da wannan? A ma'aunin Amurka, namiji na buƙatar miligiram 90 a rana, mace 75, mai shan taba ya ƙara 35. Lemon zaƙi ɗaya matsakaici ya kusa biyan wannan, gwaiba ɗaya ta wuce shi. Akwai shi kuma a tattasai da tumatir da garin 'ya'yan kuka, sai dai doguwar dahuwa na kashe shi. Abin da ya wuce buƙata, yawancinsa fitsari ne ke tafiya da shi. Fiye da miligiram 2,000 a rana na iya jawo gudawa da murɗar ciki, kuma mai ciwon ƙoda ko wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda bai kamata ya sha mai yawa ba sai da izinin likita.

Ƙwayar tana da gurbinta: tsohon da ba ya iya cin abinci sosai, da majinyacin da ya daɗe a kwance, da duk wanda likita ya rubuta masa. Abin da nake roƙonka shi ne, kada ta maye gurbin maganin da aka ɗora ka a kai, musamman na ciwon daji, kuma ka gaya wa likitanka duk abin da kake sha. Idan kuɗin hannunka ba zai isa ƙwaya da kayan marmari ba, sayi gwaiba ka kai wa iyalinka.