Ma'anar 1787 ko ta yau? Rigimar alƙalan Amurka kan kundin tsarin mulki

1/ Jama'a, an rubuta kundin tsarin mulkin Amurka a 1787, sau 27 kacal aka yi masa gyara. Idan alƙali zai yi hukunci da shi yau, wace ma'ana zai ɗauka: wadda mutanen lokacin suka fahimta, ko wadda zamani ya kawo? Ku biyo ni.

2/ Masu cewa a tsaya kan ma'anar asali, hujjarsu ba ta banza ba ce. Alƙalan Kotun Ƙoli su tara ne, ba wanda ya zaɓe su, kuma ba su da wa'adi. In an bar su suna sabunta ma'ana, to ra'ayinsu ne ya zama doka. Mai son canji ya je ya gyara kundin.

3/ Abin ya yi ƙarfi ne zamanin Reagan. A 1985 ministan shari'arsa Edwin Meese ya fito fili ya yi kira da a koma ga nufin marubutan. Alƙali William Brennan ya mayar masa da martani a shekarar. A 1986 aka naɗa Antonin Scalia, shi ya gyara zancen: a bar laluben zuciyar matattu, a duba yadda jama'a suka fahimci kalmomin.

4/ Ga inda ni nake tsayawa. A 1857, a shari'ar Dred Scott, Alƙalin Alƙalai Roger Taney da nufin magabata ya kafa hujja cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba. Sannan hukuncin Brown na 1954 da ya haramta raba makarantun farare da baƙaƙe ya dogara da gyara na 14, na 1868, alhali a lokacin gyaran makarantun Washinton a rabe suke. Har gobe 'yan asali na fama da wannan.

5/ Shari'ar Heller ta 2008 kan bindiga ta fi ba ni mamaki. Scalia ya tono tarihi ya ce mutum na da haƙƙin ajiye ta. Stevens ya tono tarihin nan dai ya ce a'a, maganar dakarun jihohi ce. Aka tashi 5 da 4.

6/ A 2022 suka yi rinjaye sosai. Dobbs ta rushe haƙƙin zubar da ciki na 1973. Bruen kuma, Clarence Thomas ya rubuta: duk dokar bindiga sai ta dace da al'adar dokokin da.

7/ Sai wata kotun ɗaukaka ƙara ta bi wannan ta soke dokar da ta hana bindiga ga wanda kotu ta yi wa iyaka da abokiyar zamansa saboda cin zarafi, wai babu irinta a da. A 2024 Kotun Ƙoli ta maido da dokar, 8 da 1. Ɗayan nan da ya ƙi yarda, Thomas ne.