Goron Salla

Yaron da ke yawon salla yana karɓar goron salla, amma da wuya ka ga goro a aljihunsa. Sababbin takardun kuɗi ne, ko alewa. Sunan ya samo asali ne daga zamanin da fatake, irin su Agalawa da Kambarin Barebari, ke kora jakuna wata da watanni zuwa Gwanja, su sayo goro a kasuwar Salaga da ke ƙasar Gana ta yau. Ana naɗe shi da ganye cikin huhu, ana yayyafa masa ruwa a hanya don kada ya bushe. Abin da aka sha wannan wahala kafin ya iso Kano ba kowa ake miƙa wa ba, shi ya sa goro ya zama sunan kyautar girmamawa: goron gayyata, goron albishir. Ita kuwa salla daga Larabci take, ibadar da ta ara wa bikin idi sunanta.

Abin da ke damuna shi ne yaranmu da yawa a bakin karɓa kaɗai suka san kalmar. Alhali a gida ake gyara wannan. Ran Babbar Salla uwa ta zuba naman layya a kwano, ta ɗora wa ɗan shekara biyar, ta ce, “Kai wa Iya ta gidan baya, ka durƙusa ka gaishe ta.” In an ba shi tukwici, a sa ya gutsura wa ƙanwarsa tun kafin ya ƙirga.