Man Giya da Man Aksil a Suzuki Jimny: Nazari Kan Canza Su a Gida

Kusan kowane mai mota ya san ranar da aka juye masa baƙin mai na ƙarshe, wani ma har rubutawa yake yi ya liƙa a gilashi. Amma a tambaye shi yaushe rabon da a taɓa man giyabos ko na aksil, sai ya yi shiru. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Baƙin mai yana da sandar awo, yana da fitilar gargaɗi a gaban direba, kuma yana yin baƙi ido ya gani. Man da ke ƙarƙashin mota ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ya kai ƙara sai ta bakin ƙarfen da ya riga ya cinye, wato ranar da aksil ya fara kuka ko giya ta ƙi shiga. Motar da ba ta sauka daga kwalta tana iya shekaru da wannan sakaci bai nuna ba. Ƙaramar motar daji da ke shiga taɓo da rairayi da rafi ba ta da wannan rangwame.

Na ɗauki Suzuki Jimny a matsayin abin nazari saboda ginin ta a buɗe yake, mai saukin fahimta. Kamfanin Suzuki na Japan ya fara fitar da ita a 1970 da sunan LJ10, da ɗan injin da bai kai cc 360 ba. Zubi na biyu ya zo a 1981, shi ne wanda aka sayar a Amurka da sunan Samurai, aka kuma ƙera danginsa a Indiya da sunan Maruti Gypsy. Na uku ya fito a 1998, na huɗu a 2018. Duk tsawon wannan lokaci tsarin bai sauya ba: bodi a kan shasi mai siffar tsani, aksil miƙaƙƙe gaba da baya, da ja da taya huɗu wanda direba ne ke sa shi ya kuma cire shi. Maganar nan ta shafi mai giyar hannu ce. Mai giyar otomatik man ta daban ne, awon sa daban ne, ba a nan za a yi zancen sa ba.

Ƙarfin injin kafin ya isa taya yana ratsa wurare huɗu, kowanne da nasa man a rufe. Na farko giyabos. Na biyu akwatin rabon ƙarfi, wanda direbobi suka fi sani da ogzilari, shi ke tura ƙarfi gaba da baya ta farfela biyu. Sai aksil na gaba da aksil na baya. Kowannensu yana cin tsakanin lita 1 da lita 2, gaba ɗaya bai wuce lita 5 zuwa 6 ba. Ƙanƙantar wannan adadi tana ruɗar mutane su raina aikin da man ke yi, don haka ya kamata a yi lissafi. Injin Jimny ta 2018 mai lita 1.5 yana ba da ƙarfin murɗawa da ya kai Nm 130. Giya ta ɗaya tana ninka shi fiye da sau 4, ƙaramar giyar ogzilari ta ninka sau 2, aksil ya sake ninkawa sau 4 da ɗan ɗori. Idan aka haɗa, abin da ke isa taya ya kai kusan ninki 36 na abin da ya bar injin. Wannan nauyi duka yana sauka ne a kan 'yan haƙoran ƙarfe biyu ko uku da ke cizon juna a kowane lokaci, kuma abin da ke raba su wani siririn shafin mai ne da bai kai kaurin gashi ba.

A nan ne babban kuskure yake faruwa, domin wuraren nan huɗu ba aiki iri ɗaya suke yi ba, saboda haka ba mai iri ɗaya suke so ba.

A cikin aksil akwai babban faifai mai haƙora da wani ƙaramin kai da farfela ke juyawa. Ƙaramin ba ya zaune daidai tsakiyar babban, an sauke shi ƙasa kaɗan. Wannan tsari, da ake kira haifoyid, kamfanin Gleason na Amurka ne ya samar da shi a shekarun 1920, Packard kuma ya fara sa shi a motocinsa a 1926. Amfaninsa shi ne ƙarfi da rashin ƙara, da kuma saukar da farfela ƙasa. Illarsa ita ce haƙoran ba mirginawa kawai suke yi a kan juna ba, gogar juna suke yi a tsawonsu cikin matsi mai tsanani. Mai na gama-gari ba ya jure haka, matsin yana matse shi ya fice, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ya yi walda ya yage. Maganin da masana suka samo shi ne zuba sinadaran farar wuta da fosfaras a cikin man. Idan wuri ya yi zafi, sai sinadaran su haɗu da fuskar ƙarfen su yi wani shafi wanda shi ne zai riƙa gogewa maimakon haƙorin. Warin nan mai hawa kai da man aksil ke da shi, na farar wutar ne. Man da ke da isasshen wannan sinadari shi ne Cibiyar Man Fetur ta Amurka, API, ta sa wa lamba GL-5.

Giyabos kuwa buƙatarsa kishiyar haka ce ta wani ɓangare. A cikinsa akwai zobba na tagulla da ake kira sinkuro, waɗanda aikinsu shi ne su kama giyar da za a shiga su daidaita gudunta da na shaf kafin haƙora su haɗu. Kamun nan gogayya yake buƙata. Man da ya cika santsi a ƙarƙashin matsi yana hana zoben kamawa, sai giya ta riƙa gurzawa, musamman ta biyu da safe. Ban da haka, wasu nau'o'in sinadarin farar wuta suna cin tagulla idan zafi ya yi yawa. Shi ya sa aka ware wa giyabos irin wannan GL-4, wanda sinadarinsa ya kai kimanin rabin na GL-5. Mutane da yawa suna ɗaukar biyar ta fi huɗu, don haka in an zuba GL-5 ko'ina an yi wa mota gata. Lambobin ba matakan inganci ba ne, rabon aiki ne. Gaskiya ne masu haɗa mai na zamani sun rage wa GL-5 cin tagulla ƙwarai, har akwai galan da ke ɗauke da lambobin biyu. Duk da haka ra'ayina shi ne kada mai mota ya yi caca da giyabos ɗinsa a kan alkawarin da ke jikin galan: abin da littafin motar ya rubuta shi ne hujja. A Jimny ta 1998 zuwa 2018 an saba da 75W-90 GL-4 a giyabos da ogzilari, da 80W-90 GL-5 a aksil. A ta 2018 Suzuki ya koma mai mafi ruwa-ruwa, 75W a akwatunan biyu da 75W-85 a aksil, don rage shan fetur.

Lambobin kauri ma suna da tasu yaudarar. Wanda ya ga 90 a jikin man giya da 40 a jikin baƙin mai zai zaci na farko ya ninka na biyu kauri. Ba haka ba ne, ma'aunai biyu ne daban na ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE, J306 na man giya da J300 na man injin. A zafin digiri 100, man giya mai lamba 90 kaurinsa yana daidai da na baƙin mai mai lamba 40 zuwa 50. Lambar farko mai harafin W kuwa maganar sanyi take yi: 75W yana gudana har ƙasa da sifili da digiri 40, 80W har ƙasa da sifili da digiri 26. Mai mota a Sakkwato ko Agadas, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ba wannan lamba ce damuwarsa ba, ta biyun ce. Sai dai akwai wata al'ada ta zuba mai mai lamba 140 a aksil da zarar ya fara kuka. Kukan yakan ragu, gaskiya ne, amma boris ɗin da ya lalace yana nan a lalace, an dai toshe masa baki ne.

Yanzu tambayar da ta fi kowace muhimmanci: yaushe ake canzawa? Littafin mota yana ba da adadin kilomita, yana kuma ba da wani jadawali mafi gajarta na aiki mai tsanani. A ganina motar daji kilomita ba ta isa ta zama ma'auninta ita kaɗai ba, domin abubuwa biyu da ke kashe man ba su san kilomita ba. Na farko zafi. Masana man shafawa suna da ƙa'idar kimantawa cewa duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewar mai. Motar da ta yini tana fama da rairayi a ƙaramar giya ba ta yi nisa ba, amma aksil ɗinta ya sha wuta ba tare da iskar gudu ta fifita shi ba.

Na biyu ruwa, kuma shi ne mafi sharri. Kowane aksil yana da ɗan bututun numfashi a samansa, don iskar ciki ta fita idan ta yi zafi ta kumbura. Idan motar ta faɗa rafi da aksil mai zafi, ƙarfen yana hucewa nan take, iskar ciki ta tsuke, sai aksil ya ja numfashi. Abin da ke bakin bututun ko bakin oyil sil a wannan lokaci shi zai shiga, kuma ruwa ne da laka. Tsayin cikin Jimny ta 2018 daga ƙasa milimita 210 ne, ke nan ruwan da ya kai gwiwa ya riga ya rufe aksil. Ruwan yana dagulewa da man, ya karya shafin da ke kare haƙora, ya bar tsatsa a boris idan motar ta kwana biyu a ajiye. Man da aka zuba jiya yana iya mutuwa yau. Wanda ya ratsa ruwa mai zurfi a damina ya kamata ya buɗe noti ya duba a makon, ko da man sabo ne.

Aikin kansa ba shi da wuya, amma kowane mataki yana da dalilinsa. Ana ɗan zagayawa da motar tukuna, don man ya yi ɗumi ya kuma ɗauko dattin da ya kwanta. A ajiye ta a daidaitaccen wuri, saboda ma'aunin cika shi ne bakin ramin zubawa, kuma motar da ta karkata ƙarya za ta faɗa. Jimny tana da tsayin da mutum zai shiga ƙarƙashinta ba tare da an ɗaga ba. Idan har sai an ɗaga, kada a kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A wanke laka daga kewayen notocin. Sannan ƙa'idar da babu sassauci a cikinta: notin zubawa na sama ake fara kwancewa kafin na juyewa na ƙasa. Wanda ya juye man sannan ya tarar na sama ya cije, ya mayar da motarsa abin da ba ya motsi a tsakar gidansa. Notocin suna da rami mai kusurwa huɗu na milimita 10. Kan sifana mai inci uku bisa takwas yana shiga, amma milimita 9.5 ne, kuma wannan ɗan rabin milimita ya isa ya cinye kusurwar notin da ya yi tsatsa. Sabon mai da ƙaramin famfon hannu ake tura shi, har sai ya fara tsiyayowa daga bakin ramin. Ƙari a kan haka ba alheri ba ne, kumfa yake kawowa da yoyo. Wajen ɗaurewa a tuna cewa jikin giyabos da ogzilari alminiyom ne, wanda zarensa ke tsinkewa idan an nuna masa ƙarfi. Sabuwar washa ko man liƙi, gwargwadon irin notin, da awon ɗauri na littafi sun wadatar.

Abin da ya sa nake goyon bayan mai mota ya yi wannan aiki da hannunsa, ko aƙalla ya tsaya a kan bakanike yana kallo, ba ragin kuɗi ba ne. Tsohon man shi ne kaɗai rahoton da ake samu daga cikin ƙarfen ba tare da an farke shi ba, kuma a gareji mai cunkoso yakan tafi cikin bokiti ba wanda ya dube shi. Notin ƙasa yana da maganaɗisu. Idan abin da ya kama laushi ne mai launin toka wanda ke narkewa tsakanin yatsu, wannan cin yau da kullum ne. Idan akwai ɓarɓashin da yatsa ke ji, haƙori ko boris ya fara ballewa. Ƙyalli mai ruwan zinariya a man giyabos tagullar sinkuro ce, kuma maganaɗisu ba ya kama ta, sai an karkata kwanon a rana za a gan ta. Man da ya fito kamar shayi mai madara ruwa ya sha. A aksil na gaba akwai wata alama ta daban: idan man ya fito da kauri da launin toka mai duhu, giris ɗin gwiwar taya ne ya ratso ta oyil sil da ya mutu, kuma ta hanyar da giris ya shigo, ta nan man ke fita ya wanke giris ɗin boris ɗin gwiwar. Ƙarshen wannan shi ne rawar sitiyari mai ban tsoro da masu Jimny suka sani. Canjin mai ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan, yana dai nuna su tun gyaran yana da araha, kuma daga nan aikin ya bar tsakar gida ya koma hannun ƙwararre.

Saura tsohon man. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man da aka juye a canji ɗaya yana iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. A unguwannin da rijiya ke tsakar gida, nisan da ke tsakanin kwata da ruwan da yara ke sha bai taka kara ya karya ba. Mai mota, mayar da tsohon man cikin galan ɗin da sabon ya fito, ka rufe shi da kyau, ka kai wa masu tara shi a gareji. Kada ka zuba shi a kwata, ko a masai, ko a bayan katanga.