Agogon kwaz: tsakanin zafin rana, janyowar ƙasa da mayen ƙarfe

Kalmar Quartz da ake gani a fuskar agogunan da ake sayarwa a kasuwannin Gumel da Maigatari sunan wani dutse ne mai ƙyalli. Ana yanka ɗan ƙanƙanin ɓallinsa a sa a cikin agogo, idan lantarkin batir ya ratsa shi sai ya riƙa kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. Wannan kaɗawa ake ƙirgawa a fitar da lokaci. Jacques da Pierre Curie ne suka gano alaƙar dutsen da lantarki a Faransa a 1880, kamfanin Seiko na Japan kuma ya fitar da agogon hannu na farko mai amfani da shi a 1969.

Janyowar ƙasa, wato ƙarfin da ke sa abu faɗowa, tana ɗan matse dutsen a kan ƙafafun da ke riƙe da shi. Idan aka kifar da na'ura mai kwaz na musamman, kaɗawarta kan sauya da kimanin kashi 2 cikin biliyan, kuskuren da sai ya shekara kusan 16 kafin ya cika daƙiƙa guda. Ɗan kasuwa ba zai taɓa lura ba. Inda abin ke da nauyi shi ne turakun sadarwar wayar salula, waɗanda ƙa'idar GSM ba ta yarda kuskurensu ya wuce kashi 50 cikin biliyan ba. A can, girgizar janareta ma damuwa ce, domin dutsen ba ya bambance girgiza da janyowar ƙasa.

Shi kuwa mayen ƙarfe kusan bai da iko a kan dutsen kansa. Abin da yake taɓawa shi ne ƙarafan da ke kewaye da shi, da ɗan injin da ke juya hannayen agogo. Shi ya sa agogon da aka ɗora a kan lasifika kan tsaya ko ya yi jinkiri, ya ci gaba da zarar an ɗauke shi, sai dai a gyara masa lokaci.

Babban abokin gabar agogo a Gagarawa da kewayenta zafi ne. An tsara dutsen ya fi daidaito a digiri 25 na ma'aunin Salshiyos. Agogon bango da ya wuni a shago mai rufin kwano cikin watan Afrilu, a digiri 45, yana jinkiri da ma'aunin daƙiƙa ɗaya da ɗoriya a yini. Na hannu ya fi dacewa, domin ɗumin jikin mai shi bai cika sauyawa ba.