Daga Zango Zuwa Tasha: Da Me Talaka Yake Biyan Kuɗin Mota?



Shekarar da na gama difloma aka kira ni ganawar neman aiki a Legas. Kuɗin da ke aljihuna bai kai na kujera a motar safa ba, sai ɗan kamasho ya ja ni gefe ya ce akwai atach, wato ɗan bencin da ake sa wa a tsakiyar mota, a hanyar da mutane ke bi tsakanin kujeru. Babu majingina, babu wurin miƙe ƙafa, kuma duk wanda zai fita sai ka tashi. Muka bar Kano bayan la'asar, ba mu shiga Legas ba sai washegari da rana tsaka. Da na dawo ina yi wa kakana ƙorafin ciwon baya, sai ya yi dariya ya ce, "Kai da ka samu benci? Ni a kan buhunan gyaɗa na fara zuwa Ikko."

Maganar nan tasa ce ta sa na koma bin tarihin hanya. Abin da na fahimta shi ne, tun kafin a san mota a ƙasar nan, mai ƙaramin ƙarfi bai taɓa fasa tafiya don rashin kuɗi ba. Abin da aljihunsa ya gaza, sai ya cike da lokacinsa, ko da jikinsa, wani lokaci ma da ransa.

A ƙarni na 19 babbar tafiyar Bahaushe ita ce ta fatauci zuwa Gwanja, musamman kasuwar Salaga da ke arewacin Gana ta yau, inda ake sayo goro. Fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato cikin ayari, madugu ne shugaba, jagaba yana gaba. Tafiyar watanni ce, da jakuna da takarkarai da 'yan dako. Madugu shi ke cinikin kuɗin fito a bakin kogi, shi ke sasantawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Wanda ba shi da jari yakan raɓu da ayarin don ya samu kariya daga 'yan fashi, ya biya da ɗaukar kaya ko kiwon dabbobi a hanya. Inda aka yada zango, nan ake samun mai masauki, da masu sayar da abinci, da dillalai, da labarin hanyar gaba. Wasu zangunan ma sun zama unguwanni, kamar yadda ake gani a Kumasi da Ankara har yau. Duk wanda ya san tashar mota zai gane fuskokin nan, domin sunaye kawai suka sauya.

Jirgin ƙasa ne ya fara karya ayari. Da aikin diga, wanda aka tilasta wa talakawa da yawa shiga, aka shimfiɗa hanyar dogo daga Baro ta iso Kano a 1911, zirga-zirga ta kankama a 1912. Tafiyar da ake yi cikin makonni zuwa bakin teku ta koma ta 'yan kwanaki. Goro ya riƙa zuwa Legas ta jirgin ruwa, daga nan ya hau jirgin ƙasa zuwa Arewa, kuma irin su Alhassan Ɗantata suna cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan sabuwar hanya. Jirgin kuwa da ajinsa ya zo: akwai taragon Turawa da manyan ma'aikata, akwai na talakawa mai bencin katako, inda mutum da ƙunshin kayansa da kajinsa suke tafiya tare.

Sai dai dogo bai je ko'ina ba. Ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, bai isa Maiduguri ba sai 1964. Sakkwato da Katsina kuwa bai shiga cikinsu ba. Dalili shi ne an shimfiɗa shi don kwashe gyaɗa da auduga da kuza da fatu zuwa tashar jiragen ruwa, zumuncin mutane bai shiga lissafin ba. Wannan giɓin ne manyan motoci masu bodin katako suka cike, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Aikinsu na asali ɗaukar amfanin gona ne zuwa tashar jirgi, fasinja ƙari ne a kan kaya. Mai hali ya zauna gidan gaba kusa da direba, saura su hau baya a kan benci ko a kan buhu, ga rana ga ƙura, in damina ce a lulluɓe su da tamfol. Wannan ce motar kakana. A zamanin ne direba ya zama gwarzo a idon jama'a, yaron mota kuma ya zama wani irin mutum na daban, har Ɗan Maraya Jos ya yi masa waƙar nan tasa ta Karen Mota.

Shekarun 1970 su suka kawo tashar da muka sani. Kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ta zuba kwalta. A ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama, a ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, a 1975 kuma kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a Kaduna. Fijo 504 mai dogon baya ta zama sarauniyar hanya tsakanin Kano da Kaduna da Jos da Maiduguri, tana da sauri, kuma tana cika da wuri tunda mutanen da take ɗauka ba su da yawa. Doguwar tafiya zuwa Kudu kuwa manyan motocin safa suka riƙe ta, yawancinsu na 'yan kasuwar ƙabilar Ibo, irin su Ekene Dili Chukwu na Augustine Ilodibe da The Young Shall Grow, waɗanda ke lodi a Sabon Garin Kano zuwa Onica da Legas. A 1978 aka kafa ƙungiyar direbobi ta ƙasa, NURTW, wadda muke kira yuniyon, ita ce ke tsara layin lodi da karɓar kamasho a tasha.

A nan ne tsarin farashi ya fito fili. Ƙaramar mota ta fi tsada domin ba ka daɗewa kana jira. Babbar bas ta fi sauƙi domin ana raba kuɗin mai a kan mutane da yawa, amma ba ta tashi sai ta cika, ko da kuwa tun asuba ka zo. Ni kaina na taɓa shiga mota na tarar da mutum biyar a zaune, ina murna mun kusa tashi, ashe zaman cika ido suke yi, duk fasinjan gaske da ya shigo sai ɗaya daga cikinsu ya sulale. Awa uku na biya a ranar, ban da kuɗin mota.

Jin daɗin shekarun 1970 bai ɗore ba. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota da kayan gyara suka gagari masu haya, jirgin ƙasa kuma yana ta lalacewa. A 1988 gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin sufurin jama'a, jihohi suka ƙarfafa kamfanonin motocinsu, irin su Kano Line da Borno Express da Yankari Express na Bauchi. Waɗannan su suka zama gatan ɗalibai da ƙananan ma'aikata: akwai tikiti, akwai rubuta suna, kuma kuɗin bai kai na tasha ba. A shekarar ce kuma aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, Wole Soyinka ne shugabanta na farko, domin yawan rayukan da ake rasawa a kan titi ya kai inda ba a iya kawar da kai. Su kuwa masu haya suka koma ga tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga Turai ta Kwatano. Daga nan muka samu J5 da hayis da Golf da Sharon, aka kuma saba da mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a kujerar da aka yi don uku.

Tafiyar dare ma tana cikin wannan lissafi. Ɗan kasuwar da ya hau mota da yamma ya wayi gari a Legas ko Onica ya tsira da kuɗin masauki, bai kuma yi asarar yinin kasuwa ba. Abin da ya ajiye a madadin haka shi ne lafiyarsa, a hannun direban da ke fama da barci da kuma 'yan fashin da ke tare hanya. Daga baya abin ya wuce fashi. A ranar 18 ga Maris 2013 bam ya tashi a tashar motocin safa ta New Road a Sabon Garin Kano, a ranar 14 ga Afrilu 2014 wani ya tashi a tashar Nyanya kusa da Abuja. Da garkuwa da mutane ta addabi hanyar Abuja zuwa Kaduna, masu hali suka koma jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016, talaka ya ci gaba da bin titi yana addu'a, har shi ma jirgin aka kai masa hari a ranar 28 ga Maris 2022. Hanyar Birnin Gwari, wadda ita ce gajeriyar hanyar Legas ta Tegina da Mokwa da Jebba, a lokacin direbobi da dama sun ƙaurace mata suna zagayawa ta Abuja da Lokoja, kuma kowane zagaye fasinja ne ke biyansa.

Sai kuma kuɗin mai. A Janairun 2012 an cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141, aka yi yajin aiki da zanga-zanga har aka mayar da ita 97. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Kuɗin mota ya bi bayanta. Yau in ka tsaya a bakin hanyar Kudu za ka ga tirela ɗauke da shanu ko buhunan hatsi ko albasa, samari 'yan cirani suna zaune a sama. Hukumar kiyaye haɗurra ta sha hana wannan, domin in irin motar nan ta faɗi, gawawwakin ba sa ƙirguwa da yatsun hannu. Amma wanda ya hau ya san hatsarin, lissafinsa ne ya nuna masa cewa kuɗin bas ya fi abin da zai samu a makonsa na farko. Shekara kusan saba'in bayan tafiyar kakana, ga sa'o'in jikokinsa sun koma kan buhu.

Abin da ya sa na kawo wannan tarihi gabanku shi ne, a yawancin labaran da muke rubutawa tafiya layi ɗaya ce: ya shiga mota, ya isa Abuja. Alhali inda mutum ya zauna a mota yana faɗin matsayinsa fiye da duk kwatancen da za mu yi wa tufafinsa. Wadda ta shiga cikin tasha ta rubuta sunanta da lambar ɗan'uwanta daban take da wanda ya tsaya a bakin titi don a rage masa, ya shiga motar da ba wanda ya san direbanta. Mai guzurin ƙuli-ƙuli da garin kwaki daban yake da mai sauka cin abinci a Mararrabar Jos ko Tafa. In labarinka na 1965 ne, kada ka sa jaruminka a Sharon ko ka ba shi naira. In na 1990 ne, ka tuna da motocin gwamnatin jiha.

Yawancin wannan tarihi ba a rubuce yake ba. Yana bakin tsofaffin direbobi da 'yan kamasho da ke zaune a benci a Unguwa Uku da Kawo da Zuba, da kuma iyayenmu mata da suka yi safarar kaya shekara da shekaru. Kullum raguwa suke yi. Wanda duk ke da irinsu a gida ko a unguwa, ya ɗauki littafi da biro ya je ya gaishe su a wannan mako, ya tambaye su nawa suka biya a tafiyarsu ta farko, kuma a ina suka zauna.