Digirin dokta da malaman Jami'ar Yamai, 1971–1994

A shekara ta 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973. Da yawa cikin malamanta na fari Faransawa ne da aka aiko bisa yarjejeniyar taimako. Ƴan ƙasa kuwa sukan shiga a matakin mataimakin malami, da niyyar su gaji turawan in sun samu digirin dokta.

To, amma digirin nan a Faransa akan je nemansa, kuma iri biyu ne. Akwai ƙarami, wanda akan gama cikin shekara uku ko huɗu. Akwai babba, da ake ce ma na Ƙasa, wanda a fannin tarihi ko ilimin harshe yakan ci ma mutum shekara goma, har fiye. Shi kansa Abdu Mumuni, wanda jami'ar ta ɗauki sunansa a 1992, ya ci jarrabawar agregasiyo a 1956, amma sai 1967 ya samu babban digirin.

Ƙarin girma na hannun hukumar CAMES, da aka kafa a 1968 kuma mazauninta ke Wagadugu. Nan hanya ta rabu. Daga 1982 likitoci suka samu gasa tasu, masana shari'a da na tattalin arziki daga 1983: mutum ya zauna gaban alƙalai, in ya ci ya hau matakin manyan malamai. Malamin tarihi ko na harshe ba shi da wannan ƙofa, sai ya kammala babban kundinsa.

Kammala shi kuwa na bukatar abu uku: bursu, kuɗin jirgi, da wanda zai riƙe ma mutum ajinsa. Wanda bincikensa ya dace da wani aiki da Faransa ke biya, kamar na ruwa ko noma a ORSTOM, ya fi kusa da samun biyu na farko. Mai nazarin Hausa fa, kayan aikinsa na Maraɗi da Damagaram da Tawa, mai duba aikin na Paris, inda Claude Gouffé ke koyar da Hausa. Tsakaninsu sai wasiƙa da hutun damina. Kano na kusa, amma tsarin karatunta na Ingilishi ne. Shekarun jiran nan duka kan albashin ƙaramin malami ake yin su, ga ɗalibai na ƙaruwa.

Da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu daga 1983. A 1984 Faransa ta haɗe digirorin biyu suka zama ɗaya, amma ƙasashen CAMES suka daɗe bisa tsohon tsari. A watan Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ake biya a can, haya da littattafai da rajista, ya ninka ga wanda ke biya daga albashinsa.