Rodi

Rodi: suna, namiji, aro daga Turanci. Sandar ƙarfe mai tudu-tudu a jiki da ake ɗaurawa a cikin kankare don ginshiƙi, linta ko dakin (rufin kankare). Misali: "Ya sayar da mazarƙwailarsa a Maƙarfi, ya sayo rodi."

Da kaurinsa ake kiransa: mai milimita 8, 10, 12 ko 16, cikakken tsawonsa kuma mita 12 ne.

A wajen kaurin nan ake cutar mai gini. Rodi mai 12 na gaskiya yana da nauyin kilo 0.888 a kowace mita, wato sanda guda ta haura kilo 10 da rabi. Masana'anta ba ta iya fitar da shi daidai cif, shi ya sa ƙa'idar Ingila ta yarda da ragi ko ƙari na kashi 4.5 cikin ɗari kacal. Wanda ya rame fiye da haka, ko an kira shi mai 12, ba shi ba ne, kuma dakin da aka zuba a kansa abin tsoro ne.

A Najeriya hukumar SON ke sa ido kan ingancinsa. Manomin rake a Kudan ko mai tumatir a Ikara da zai ɗora bene, ya ɗora rodin a sikeli kafin ya biya.